Nawa ake biyan mai kula da dabbobin gida in za a yi tafiya, kuma wane aiki suke yi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki, kin ce za ki yi tafiyar kwana 10, kina da maguna biyu ɗaya muzuru ɗaya mace, ga kuma tsohon kare da yake shan magani safe da yamma, kin tuntuɓi wata mai sana'ar kula da dabbobi ta yanka miki kuɗin da sai da kika yi shiru, shi ne kike tambaya wai me suke yi ne haka da za a biya su wannan kuɗin bayan yaron maƙwabta ma zai iya zuwa ya zuba abinci ya sa ruwa. Toh ni na yi wannan aikin shekaru da dama, kafin nan kuma na yi aiki a asibitin dabbobi ina taimaka wa likita, don haka na ga abin ta ɓangaren mai zuwa gida, na kuma gan shi ta ɓangaren waɗanda ake kawo musu dabba bayan an makara. Bari in miki bayani yadda na san shi.

Kuɗin dai ba a yanke shi da ka, lissafi ne, kuma lissafin yana farawa ne daga sau nawa dabbar take buƙatar a zo mata a rana. Akwai hanya uku da aka saba. Ko dai mai kulan ta riƙa leƙowa gidanki na minti 30 ko awa ɗaya ta tafi, ko ta kwana a gidanki, ko kuma ki ɗauki dabbar ki kai gidanta ko gidan ajiyar dabbobi. Zan ba ki misali da Amurka saboda can ne sana'ar ta fi tsari kuma farashin a bayyane yake kowa na gani a intanet: leƙowar minti 30 yawanci tana kamawa tsakanin dala 20 zuwa 35, kwana a gida kuma daga dala 50 zuwa 100 a dare ɗaya, a manyan birane yana wuce haka. A wata ƙasar lambobin za su canza amma yadda ake lissafin ɗaya ne, ki cire dalar ki sa kuɗin inda kike.

Yanzu mu ɗauka a misali ana karɓar dala 25 a kowace leƙowa. Da maguna ne kawai gare ki, sau ɗaya a rana ya wadatar in lafiyarsu ƙalau, kwana 10 kinga dala 250 kenan, ƙila a ƙara ɗan wani abu saboda su biyu ne. Amma kare fa ba mage ba ne, ba shi da tiren yashi a ɗaki, dole a fita da shi ya yi fitsari ya yi bayan gida, mafi ƙaranci sau uku a rana, tsoho ma irin naki wani lokacin sau huɗu don mararsa ba ta riƙe fitsari kamar da. Sau uku a rana kwana 10 leƙowa 30 kenan, dala 750. In kuma kwana za ta yi a ce dala 80 a dare, 800 kenan. Kinga banbancin bai taka kara ya karya ba, kuma a na biyun karenki ba zai kwana shi kaɗai ba. Shi ya sa duk mai kare da ya zo min da tafiya mai tsawo nake ce masa ya fara tambayar kuɗin kwana kafin ya yanke shawara, mutane da yawa suna ɗauka leƙowa ta fi araha sosai alhali in aka tara ba haka ba ne. Sai dai ki tambaya da kyau "kwana" ɗin nan daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ne, don a wajen yawancinmu awa 10 zuwa 12 ne, daga dare zuwa safiya, da rana muna fita zuwa wasu gidajen, in kina son a leƙo da tsakar rana wannan kuɗinsa daban ne. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta Ingila da ire-irenta suna ba da shawarar kar a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu a jere, ba kowa ke iya cika wannan ba amma ki riƙe shi a matsayin ma'auni.

Sai abubuwan da ke ƙara kuɗi. Yawan dabbobi, lokacin hutu da bukukuwa da kowa ke tafiya a lokaci guda, nisan gidanki daga inda take, kiran gaggawa na yau-yau ko gobe-gobe, ɗan kwikwiyo da sai an fita da shi duk bayan awa biyu ko uku, da kuma magani, musamman allura. Ƙwaya a cikin abinci wasu ba sa ƙara komai a kai, amma allurar insulin ga dabba mai ciwon suga ana ƙarawa kuma ya dace a ƙara, don ana yin ta ne duk bayan awa 12 ba a wasa da lokacin, kuma in dabbar ta ƙi cin abinci ba a tsira mata allurar haka kawai sai an kira likita, in ba haka ba suga ya faɗi ƙasa a rasa ta.

Kuma ki sani kuɗin da kika miƙa ba duka ne ke shiga aljihunta ba. Leƙowar minti 30 da tafiya da dawowa awa guda ce ko fiye, ga mai, ga inshora, ga haraji wanda ita ke biya da kanta tunda ba albashi take karɓa ba, a Amurka harajin mai zaman kansa kaɗai kashi 15.3 ne cikin ɗari kafin a zo kan harajin kuɗin shiga. In ta manhaja kika same ta, irin Rover da aka kafa a Seattle a 2011, suna cire kamasho kusan kashi 20 daga hannunta, ke ma su ɗora miki nasu kuɗin a sama. Toh ki cire duk wannan daga dala 25 ki ga me ya rage na awa ɗaya.

Yanzu kan ainihin tambayarki, me muke yi. Eh ana zuba abinci, ana wanke kwano a canza ruwa, ana kwashe tiren yashi, ana fita da kare, ana ba da magani, ana goge amai ko fitsarin da aka tarar a ƙasa, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Da yawa suna haɗawa da ba shuke-shuke ruwa, shigo da wasiƙu, kunna fitila da kashewa don kar gida ya nuna babu kowa. Wannan duk yaron maƙwabta zai iya in an nuna masa. Abin da ba zai iya ba shi ne ganewa in wani abu ya canza, kuma wallahi rabin kuɗin nan na idon da ya san abin da yake kallo ne.

Bari in ba ki misalin da ya shafe ki kai tsaye tunda kina da muzuru. Ni in na shiga gida mai mage, kafin ma in nemi magen tiren yashi nake fara dubawa, ina ƙirga dunƙulen fitsari da girmansu. Muzuru hanyar fitsarinsa siririya ce sosai, tana iya toshewa da ƙananan tsakuwa ko majina, kuma damuwa na daga cikin abin da ke tayar da matsalar, irin damuwar da ke zuwa in mai gida ta ɓace masa kwatsam. In ta toshe fitsari ba ya fita, guba ta taru a jini, ƙoda ta tsaya, sinadarin fotasiyam ya hau har ya taɓa zuciya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa. Alamar kuma ba mai hayaniya ba ce, za ki ga yana shiga tire yana fita yana yunƙuri ba abin da ke zuwa, yana lasar gabansa, wani lokacin ya yi ɗan kuka, wanda bai sani ba sai ya ce bayan gida ne ya ƙi fita. Na taɓa samun wannan a wani gida a rana ta uku da tafiyar masu gidan, abincinsa ya ɗan taɓa, ruwa yana nan, da zuba abinci kawai na zo yi da na tafi ban ga komai ba, amma yashin a bushe yake tun jiya, na taɓa cikinsa a hankali na ji mara ta yi tauri kamar ƙwallo, ban tsaya jiran komai ba na sa shi a keji muka tafi asibiti ina kiran matar a hanya. An sa masa roba aka zuƙe fitsarin ya kwana uku a can ya dawo gida. Har yau in na tuna cewa matar da farko so ta yi in riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu don ta rage kuɗi sai jikina ya yi sanyi, da na yarda da ba a same shi da rai ba. Tun daga nan ba na karɓar aikin tsallake rana ko nawa za a ba ni, kuma ke ma ina roƙonki duk inda za ki rage kuɗi kar ki rage ta nan.

A gida mai maguna biyu abin ya fi wuya ma, don in tire ɗaya suke amfani da shi za ki ga fitsari ki ɗauka na duka biyun ne. Shi ya sa ake cewa a ajiye tire daidai yawan magunan a ƙara ɗaya, kuma mai kulan ta zauna ta ga kowacce da idonta, ta ga wa ya ci wa bai ci ba. Mage in ta daina cin abinci na wasu kwanaki, musamman mai ƙiba, kitse yana taruwa a hantarta ya zama ciwo mai tsanani, kuma sau da yawa ɗayar ce ke cinye rabon duka biyun kwano ya zama fes a ɗauka komai lafiya. Mai ɓuya in ta ji baƙo, dole a nemo ta a ƙarƙashin gado ko bayan kujera a gan ta, "ban gan ta ba amma abincin ya ragu" ba rahoto ba ne.

Karenki kuma abin dubawa shi ne numfashinsa, yadda yake tashi daga kwance, yawan ruwan da yake sha, launin dasashinsa, da ko ya haɗiye ƙwayar da gaske, don tsofaffin karnuka sun iya ɓoye ƙwaya a kumatu su tofar a lungu bayan an juya baya. In babba ne mai zurfin ƙirji irin German Shepherd ko Great Dane akwai murɗewar ciki, za a ga yana ƙoƙarin amai ba abin da ke fita sai yawu, ciki ya kumbura, ya kasa zama waje ɗaya, wannan awoyi ne kawai ake da su, tiyata ce. Mai kula ta ƙwarai ta kuma san abin da ba a bari a kusa da su: cakulan, inabi da zabibi, albasa da tafarnuwa, cingam mai sinadarin zaƙi na xylitol ga kare, furen lili ga mage wanda ko garin furen ta lasa a jikinta yana iya lalata ƙoda, da farasitamol da ƙwaya ɗaya tak ke iya kashe mage. Wannan na ƙarshen shi na fi ji wa tsoro da masu taimako na tsakani da Allah, ya ga dabba ba ta jin daɗi ya ce bari ya ba ta maganin da shi yake sha. Masu zomo da aku ma in suna karantawa, zomo in ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba maganar asibiti ce, aku kuma hayaƙin kaskon Teflon, irin wanda abinci ba ya mannewa a jikinsa, in ya yi zafi sosai yana kashe shi cikin ɗan lokaci, don haka wadda za ta kwana ta yi girki a gidan dole ta sani.

Ban ce yaron maƙwabta ba shi da amfani ba fa. Lafiyayyar mage, tafiyar kwana biyu, yaro mai hankali da iyayensa suka sani, ba laifi, ki biya shi ko da ya ce a bari, don wanda aka biya ya fi jin nauyin zuwa. Amma kwana 10 da kare mai magani, nauyin ya fi ƙarfinsa, kuma in wani abu ya faru kin ɗora wa yaro abin da zai daɗe yana damunsa, zumuncin maƙwabtaka ma ya taɓu.

Gidan ajiyar dabbobi yakan fi sauƙin kuɗi in kare ɗaya ne, amma ana biya ne kan kowane kai, da dabba uku sai ki ga ya kamo kuɗin kwana a gida. Za su nemi katin rigakafi, har da na tarin nan da ke yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma maguna sun fi shaƙuwa da waje fiye da yadda mutane ke zato, ɗauke su daga inda suka saba da ƙamshinsa yana tayar musu da hankali. Tsohon kare ma haushin wasu karnuka dare da rana ba ƙaramin abu ba ne a gare shi. Ni a naki yanayin a gida zan bar su. Akwai kuma tsarin TrustedHousesitters da aka fara a Ingila a 2010, inda kike biyan kuɗin rajista na shekara, wani matafiyi ya zo ya zauna a gidanki kyauta ya kula da dabbobin, ba kya biyansa shi ma ba ya biyan haya. Yana yi wa masu yawan doguwar tafiya, sai dai ana buƙatar nema tun da wuri, kuma ba lallai ki samu wanda ya iya ba da magani ba.

Wajen zaɓe, kar ki ba kowa mukullinki sai ta zo gidan kun zauna, yawancinmu wannan zuwan na farko ba ma karɓar kuɗi. Ki lura da tambayoyin da take yi miki fiye da amsoshin da take ba ki. Wadda ta san aiki za ta tambayi sunan maganin da awonsa, inda kejin ɗaukar mage yake, asibitin da kuka saba da wanda ke buɗe cikin dare, ko karen yana jan igiya ko yana tsoron wani abu a hanya, ko wata magen tana rugawa ƙofa in an buɗe. Wadda ta shigo tana ta shafa su tana yabon kyansu ba ta tambayi komai ba, son dabbobi take yi, kuma so kaɗai ba ya isa. Ke kuma ki tambaye ta inshora, ki nemi lambar mutum biyu da ta yi wa aiki ki kira su da gaske, ki tambaye ta wa zai zo in ita ta kwanta rashin lafiya ko motarta ta lalace, ki tambaya ko ita da kanta za ta riƙa zuwa ko tura wani take yi. Ki ba ta ƙwayar ta ba karen a gabanki. A yawancin wurare ba a buƙatar wani lasisi na musamman kafin mutum ya fara zuwa gidajen mutane kula da dabbobi, shi ya sa binciken ya koma kanki. Akwai ƙungiyoyin masu sana'ar kamar Pet Sitters International da Patti Moran ta kafa a 1994, da NAPPS, suna ba da horo da takardar shaida, zama mamba alama ce mai kyau amma ba ta maye gurbin kiran waɗancan mutum biyun. A Ingila kuma tun Oktoban 2018 duk mai ajiye karnukan mutane a gidansa don kuɗi sai ya samu lasisi daga ƙaramar hukuma, har da darajar taurari ɗaya zuwa biyar, in can kike kuma gidanta za ki kai ki nemi ganin takardar.

Komai a rubuce. Lokutan zuwa, tsawon zama, jimlar kuɗi, kafin alƙalami nawa, me zai faru in kin fasa tafiyar ko kin ƙara kwana. Mafi muhimmanci ki rubuta takardar izinin kai dabba asibiti da iyakar kuɗin da za a iya kashewa ba tare da an same ki ba, ki kira asibitin ki sanar da su sunanta, don na sha ganin dabba a kan tebur likita na jira, mai ita tana cikin jirgi waya a kashe, ba wanda ke da ikon cewa a yi. Ki bar lambar wani na kusa da zai iya yanke shawara a madadinki, shi ma ki ba shi mukulli na biyu. In akwai kyamara a gidan ki faɗa mata inda suke, haƙƙinta ne ta sani musamman in kwana za ta yi. Abinci da yashi da magani ki ajiye na kwana 14 duk da 10 za ki yi.

In kuɗin ya yi miki nauyi akwai inda ake ragewa ba tare da an cutar da kowa ba. Ki nemi ragi saboda tsawon kwanakin, da yawa suna yi daga mako ɗaya zuwa sama. Ki nemi wadda ke kusa da ke don kuɗin mai ya ragu. Ko ki raba aikin, ita ta zo safe da yamma lokacin magani da duba tire, yaron maƙwabtan nan ya fita da karen da rana in karen ya saba da shi kuma ba mai ja ba ne, kinga leƙowa 30 ta koma 20. Abin da ba na so shi ne a yi ta cinikin da zai sa ta karɓa tana jin an danne ta, don wadda aka matse ita ce ke cika gidaje da yawa a rana ta mayar da minti 30 ya zama 10.

Kafin ranar tafiya ki biya ta leƙowa ɗaya ko kwana ɗaya na gwaji kina gari, ki fita ki bar mata gidan, a nan za ki ga ko mukullin yana buɗewa, ko karen zai bar ta ta shigo in ba kya nan, da irin saƙon da za ta turo miki, ya kamata ya zo da hoto da bayanin wa ya ci, wa ya yi fitsari, an sha magani ƙarfe nawa. Sannan ku yi yarjejeniya cewa za ta ci gaba da zuwa har sai kin turo mata saƙo da kanki cewa kin shiga gida, don jirgi yana makara, hanya tana tsayawa, kuma ranar da kowa ya ɗauka ɗayan yana nan ita ce ranar da ake barin dabba ba ruwa ba magani. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke ki same su lafiya, in kin samu farashin a rubuce ki turo mu duba tare.